Baitin da Aka Yanke daga Waƙar Ƙanena

Ƙanena albam ɗaya tak ya yi a rayuwarsa, kuma a gidana ya zauna duk lokacin da yake yin sa. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne auta. Ina koyarwa a wata firamare a Kaura Namoda, inda aure ya kawo ni, shi kuwa yana can ƙauyenmu tsakanin Zurmi da Gurbin Bore, yana noma gonar da mahaifinmu ya bari, yana kula da Inna. Tun yana ƙarami bakinsa ba ya rufuwa. Yana huɗa yana waƙa, yana ɗaurin dami yana waƙa, har Inna kan ce da waƙa tana cika rumbu da babu wanda ya kai mu a garin. Wata kaka da gero ya yi kyau sai ya sayar da rabonsa, ya hau babur ya zo mini, gurminsa a rataye a baya, waƙoƙinsa duk a ka.

Situdiyon da ya samu wani ɗaki ne kusa da tashar jirgi, an manna tsofaffin katifu a bango, mai shi yana da fiyano da kwamfuta da wani janareto mai tari. Da safe zai fita, da yamma ya dawo murya a dishe, ya zauna ya share tuwon mutum biyu. Maigidana yana tsokanarsa, yana cewa idan ya yi suna kada ya manta da wanda ya ciyar da maƙogwaron. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai gurbin kowa yana nan.

Waƙoƙin duk shi ya tsara su. Akwai ta ruwan farko, akwai ta jirgin ƙasan da ya daina zuwa Kaura, akwai wata ta soyayya da ya ƙi gaya mini don wa ya yi ta. Amma wadda ta fi kowace tsawo ita ce ta ƙarshe, waƙar manoman garinmu, kuma ita ce mutane suka sa wa ido tun kafin a naɗe ta.

Kowa ya san al'adar. Mawaƙi idan zai yi irin wannan waƙa, sai ya ambaci mutane ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan mutum da na ubansa, ya yi masa kirari da abin da yake da shi. Wanda aka ambata ya shiga sahun mutane, wanda aka tsallake kuwa an ci masa fuska. Da labari ya bazu cewa autan Inna zai fitar da albam, sai gidanmu na ƙauye ya koma kamar gidan mai magani. Wannan ya aiko da ƙwan zabi, wancan ya aiko da damin dawa, kowa da saƙo ɗaya: kada a manta da shi. Har wanda bai taɓa gaishe da Inna ba ya tuna cewa shi da mahaifinmu tare aka yi musu kaciya.

Wanda ya fi kowa matsawa shi ne maƙwabcinmu, wani dillalin hatsi, aminin mahaifinmu, wanda mu duka muke kira Baba. Bai tsaya aike ba. Da ya zo cin kasuwar Kaura sai ya biyo ta gidana, ya zauna a kan tabarma a zaure, ya sa aka kira ƙanena. Ina kawo musu ruwa na ji da kunnena.

“Ɗana, in ka zaka kaina, rumbu nawa za ka ce?”

“Biyar, Baba. Ai biyar na gani.”

“Biyar ai na yara na. Ka ce goma, ka ƙara da garken shanu. Kowa ya san waƙa ba rantsuwa ta ba.”

Ƙanena ya yi dariya ya ce to. Ni ma na yi dariya, domin gaskiya ya faɗa, waƙa ba rantsuwa ba ce. Mai akuya uku a waƙa mai garke ne, mai keke mai mota ne, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya ƙirga. Da sauran suka ji an ƙara wa Baba, kowa ya ce shi ma a ƙara masa. Haka ƙanena ya ɗauki ƙauyen da ko rijiyar burtsatse ba shi da ita, ya mayar da shi garin attajirai.

A ƙarshen waƙar, bayan ya gama da kowa, sai ya yi abin da kowane mawaƙi yake yi, ya rufe da kansa. Kiɗan yakan lafa, fiyano ta yi shiru, a bar gurmi shi kaɗai. Nan ya faɗi sunansa, ya ce shi ne autan wance, ya ambaci sunan Inna, ya roƙa mata tsawon rai, sannan ya gode wa Yayarsa mai alli a hannu da ta ba shi tuwo da wurin kwana. Ranar da ya fara kunna mini na ce masa ya tona mini asiri, yanzu kowa zai san tuwona ba ya ƙarewa. A raina kuwa daɗi ne kamar ya kashe ni.

Albam ya fita ta hanyar da waƙoƙi ke fita a wajenmu. Masu shagon tura waƙa a waya suka karɓe shi, daga wannan memori zuwa wancan, har ya kai Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da shi kansa bai taɓa takawa ba. Bai samu abin kirki a ciki ba, amma ya samu abin da yake so. Direbobi na kunna shi, ƴan mata na bin amshin a bakin rijiya. Baba kuwa ya sa aka tura masa waƙar manoma ita kaɗai, duk inda ya zauna sai ya ajiye waya a kan gwiwa, idan an iso kansa ya ɗaga hannu a yi shiru.

Sai ɓarayin daji suka matso. Da farko shanu suke kora, daga baya suka koma ɗaukar mutane. Wata rana da hantsi suka ɗauke Baba daga gonarsa. Ya daɗe a hannunsu, sai da iyalinsa suka kwashe rumbunan nan biyar, suka sayar da duk abin da zai sayu, kafin aka sako shi. Ya dawo a rame, ba ya iya miƙewa sosai. Wallahi na tausaya masa, har na je na duba shi da ɗan abin da na samu.

Bayan ya ɗan farfaɗo sai ya zauna a ƙofar masallaci ya ba da labari. Ya ce da ya rantse musu ba shi da abin da suke nema, sai ɗayansu ya ciro waya ya kunna waƙar manoma, ya tsayar da ita daidai kansa, ya ce ga shi nan ɗan garinku ya faɗa da bakinsa, rumbu goma da garken shanu. Duk wannan gaskiya ne, na yarda haka aka yi. Abin da Baba bai faɗa ba a ƙofar masallaci shi ne wanda ya ce a mayar da biyar goma.

Kafin la'asar kalmar ta fito: infoma. Haka ake kiran mai kai wa ɓarayi rahoto, kuma a wajenmu wanda aka laƙaba wa wannan suna ba ya kaiwa gaban alƙali, ƴan sa-kai ne ke gamawa da shi. Mutanen da suka aiko da ƙwan zabi su ne suka fara cewa dama sun yi mamakin yadda yaron ya san abin kowa. Wasu suka ce biyan sa aka yi ya yi waƙar. An bar jaki ana dukan taiki, kuma kowa ya san hakan, amma jakin yana da bindiga, taikin kuwa gurmi kawai gare shi.

Inna ce ta fara jin ƙishin-ƙishin daga wata maƙwabciya. Ta same shi yana gyaran galma a tsakar gida, ta ce, “Tashi ka tahi. Kak ka tsaya ɗaukar komi.” Wani abokinsa ya ɗauke shi a babur ta bayan gari, suka yi ta bin hanyar gona har Shinkafi. Gurmin ma a rataye ya bar shi, kuma da ƴan sa-kai suka zo ba su same shi ba, gurmin suka tattake.

Daga ranar kowa ya goge waƙar daga wayarsa. Wanda aka ji tana tashi a aljihunsa sai ya yi bayani. Aka daina gaishe da Inna. Da ciwonta ya tsananta ta yi ta kiran sunansa, ni kuma ina yi mata ƙarya cewa yana hanya. Ta rasu bai gan ta ba, aka binne ta bai zo ba, domin an aiko mini cewa idan ya shigo garin gawa biyu za a ɗauka. Wannan ban yafe ba, kuma ba zan yi kamar na yafe ba.

Korar ƙanena ba ta tsare kowa ba. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Ɓarayin suka ɗauki waɗanda ke cikin waƙar, suka ɗauki waɗanda ba sa ciki, har da mutumin da ko kaza ba shi da ita. A hankali garin ya watse. Wasu suka nufi Zurmi, da yawa suka kwararo Kaura, suka kama ɗakunan haya a bayan gari, manoman da aka yi wa kirari suka koma tura baro da sayar da ruwa. Ina haɗuwa da su a kasuwa, mu gaisa sama-sama. Babu wanda ya taɓa tambaya ta ina ƙanena yake.

Shi kuwa yana Shinkafi, yana facin taya a bakin hanyar kasuwa. Ya yi aure, ya haihu. Matarsa ta taɓa gaya mini cewa ba ta taɓa jin ya yi waƙa ba, ko ta rarrashin jariri.

Shekaru suka shuɗe a haka. A bara aka haifa wa Baba jika a nan Kaura, aka aiko mini da goron suna. Na so in ƙi zuwa, maigidana ya ce zumunci ba ya son haka. Na je da rana, na zauna cikin mata a tsakar gidan haya, ana ta hira ana raba waina. Sai wata ta haɗa wayarta da ƴar sifika, kawai na ji gurmi ya tashi. Tun bugun farko na gane shi.

Na ɗauka wata za ta yi tsawa a kashe. Babu wadda ta yi. Matan nan suka ajiye abinci suka kama amshi, baiti bayan baiti, babu wanda suka manta. Idan an ambaci wanda aka kashe sai ka ji an ce Allah ya jiƙansa, matarsa ta ja mayafi ta rufe fuska. Idan an ambaci gona sai wata ta ce a nan tsamiyar nan take. Na gane abin da ya faru. Garin ya tafi, gidajen sun rushe, gonakin sun zama daji, babu inda ya rage da mutanensa cif-cif kowa a raye kowa da rumbunsa, sai a cikin waƙar nan. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ina kuka ina jiran baitin ƙarshe, inda fiyano za ta yi shiru in ji sunan Inna.

Baitin bai zo ba. Ana gama ambaton manomi na ƙarshe sai waƙar ta katse, wata waƙar daban ta hau. Wata baƙuwa daga dangin mai jego ta share hawaye ta ce, “Wanga mawaƙi ya iya. Ɗan ina na?”

Matar Baba, wadda muke kira Gwaggo, ita ta amsa. Ba ta ko dubi inda nake ba. Ta ce, “Wani yaro na, can wajen Shinkahi.”

Na ce, “Gwaggo, ina sauran waƙar?”

Ta ce, “Haka anka turo muna ita, ɗiyata.”

Na tashi na ɗauki takalmina. Da na isa gida na buɗe akwatin da na ajiye kayan Inna, na ciro tsohuwar wayarta da ta mutu tuntuni, na zare memorin na sa a tawa. Albam ɗin yana nan duka. Na rufe ƙofa na saurare shi daga farko har ƙarshe, abin da ban yi ba tun ranar da aka kore shi.

Da kunnen yanzu na ji abubuwan da ban ji ba a da. Fiyanon ta yi yawa, mai situdiyon ya murɗa masa murya a wasu wurare har ta koma kamar ta wani. Waƙar soyayyar yarinta ce zalla, shi kansa da zai ji da ya ji kunya. Amma ta ruwan farko, inda yake cewa ƙasa kan yi ƙamshi kafin ta yi alkawari, har yau ban ji wanda ya faɗi abin kamar haka ba. Yaron nan yana da abu a bakinsa. Albam na farko ne, na mai koyo, kuma ana jin na biyu da na uku suna tafe a bayansa. Su ne aka kashe mana, kuma babu wanda zai yi musu ta'aziyya.

Washegari na je wajen Baba. Yana zaune a kan benci a ƙofar wani shagon awo, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce abu ɗaya na zo roƙo. Tun da an dawo da waƙar, a dawo da mai ita. Ya tashi a gaban mutanen garinmu bayan sallar Juma'a ya ce yaron nan ba infoma ba ne.

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Ɗiyata, ai kowa ya sani. Babu wanda bai sani ba.”

“To a faɗa, Baba.”

“In na hwaɗi, sai a tambaye ni to wa yac ce a ƙara rumbunan. Abin da ya wuce a bar shi ya wuce. Allah ya ƙaddara.”

Ina miƙewa ya ce ya ji ina da ta asali, wai tasu tana ɗan shaƙewa daidai kansa, ko zan taimaka in tura masa. Na dube shi, na tuna aminin mahaifina ne, na juya na tafi.

Ranar kasuwar Shinkafi na shiga mota. Hanyar ba ta da daɗi, kowa a motar addu'a yake yi har muka isa. Na sami ƙanena a rumfarsa, ya tsoma tiyub a cikin baho yana neman inda iska ke fita. Ya yi furfura a gemu, shi da yake auta. Ya share mini benci, ya aika aka sayo mini fura. Ban ko taɓa ta ba na fara zuba. Na gaya masa sunan, da amshin, da abin da Gwaggo ta ce, da abin da Baba ya ce. Na ce sun ci naman sun jefar da ƙashin, sun yanke sunansa da na Inna kamar ba a taɓa haihuwarsu ba. Na ce ga cikakkiyar nan a hannuna, daga nan shagon masu tura waƙa zan nufa, in sa a watsa ta har ta kori waccan guntuwar, kuma duk wanda ya yi yankan nan Allah ya isa.

Ya ciro tiyub ɗin daga ruwa ya riƙe shi yana ɗiga. Ya ce, “Yaya, janye Allah ya isan. Ni na yanke shi.”

Ya ce wata rana wata tsohuwa daga garinmu ta zo kasuwa, ta gane shi, ta tsaya nesa-nesa. Har ta wuce sai ta dawo ta ce masa ba ta da hoton mijinta ko ɗaya, kuma ta fara manta yadda ake kiran sunansa da kirari. Ta so ta ji waƙar, amma tana tsoron a ji sunan infoma a wayar ɗanta. A ranar ya kai waƙar da ke wayarsa wani shago ya sa aka datse baitin ƙarshe, ya ce a tura wa duk mai so.

“Waƙar ba ta yi laihi ba,” in ji shi. “Sunana na ka hana ta tahiya. Na sauke mata shi.”

“Da sunan Inna?”

“Inna ta san ɗanta.”

Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a gidan suna. Na ce masa ya yi musu aikin da ko su ba su yi ƙarfin halin yi ba, ya kori kansa da hannunsa, ya sauƙaƙa musu. Ya goge wurin hujin, ya shafa gam, yana hura shi ya bushe. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Kin ce sun yi amshi?”

“Sun yi.”

“Dukansu? Ba su ɓata shi ba?”

“Ko harafi ba su ɓata ba. Har da kuka.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce don Allah in bar cikakkiyar a akwatin Inna inda na same ta. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, amma shagon da na ce zan je ban je ba, kuma har yau ban je ba. Na zauna ina kallon fura tana tsinkewa a kwano, shi kuma ya manna facin ya ɗora a kan dutse yana bugawa da ƴar guduma.

A cikin bugun ne na ji. Ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada a kama shi, yana bin waƙar manoma, guduma na riƙe masa kiɗa. Ya bi mutanen garinmu ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, har da Baba da rumbunansa goma. Na kasa kunne ina jira. Da ya iso inda sunansa yake, shi ma sai ya yi shiru, ya jawo wata tayar.